Almu Mai Jinyar Katako

Duk wanda ya taɓa jerawa da Almu a hanya ya san ba a sauri da shi. Kansa a ƙasa yake tafiya, ba don kunya ba, don Almu bai san ƙofar gidan kunya ba. Ƙusa yake nema. Ko a tsakiyar titin Sabon Gari ya hango ta, sai ya ɗaga wa masu babur hannu, ya duƙa ya ɗauka, ya hure mata ƙasa, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara da ba ya rabuwa da aljihunsa. Da la'asar ya zauna ƙofar gidansa a Bungudu da guduma da wani guntun ƙarfe, yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu faɗa a kan wanda ya lanƙwasa su.

Ni ne Lawali mai fenti, ga waɗanda ba su san ni ba. Almu ɗan gwaggona ne, taubashina, ya girme ni da wajen shekara goma, amma ban taɓa raga masa ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Fiye da shekara talatin muna bin gidaje tare. Shi ya shiga ya buga katakon ado, wato siraran katakon nan da ake zagaye bakin silin da gindin bango da gefen ƙofa da su, ni kuma in biyo baya da buroshi. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da ni aka yi.

Wata rana mun taso daga Gusau za mu aiki Tsafe, tayar mota ta sace a daidai inda ba direban da ke son ya ko rage gudu a wannan zamani. Masu salati na yi, direba na canza taya a gurguje. Da muka isa Tsafe lafiya, ya tsaya wurin mai faci, aka zaro wata ƙusa doguwa daga tayar. Direba ya ɗaga ta yana tsine wa duk wanda ya yar da ita, har da iyayensa da kakanninsa. Almu ya miƙa hannu ya karɓa, ya jujjuya ta, ya shafa kanta da babban yatsa, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Direba, rage zagi," in ji shi. "Wagga ƙusa tawa ta. Ga sawun gudumata nan. Tun tashar Gusau nika biɗar ta."

Sai da mutum uku suka riƙe direban. Almu kuwa ya jefa abarsa a gwangwani, ya yi masa godiyar kawo ta har Tsafe.

Sai wata ta'aziyya da muka je 'Yankuzo. Muna zaune a ɗakin mamacin, ana ta addu'a, na lura Almu ba ya tare da mu. Idonsa na sama, inda wani katakon bakin silin ya karkace, ya bar rami a kusurwa. Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Ana shafa fatiha ya miƙe, ya zaro guduma daga cikin babbar riga, ya ce a ara masa turmi. Mutane suka ɗauka wata al'ada ce ta Bungudu, aka kawo. Ya kife turmin, ya hau, ya ɓamɓare katakon, ya yanke bakinsa da ɗan zarton da ke ɗaya aljihun, ya mayar. Babban ɗan mamacin ya ce masa cikin sanyin murya ai marigayi ne ya buga shi da hannunsa. Almu ya sauko yana kaɗe riga.

"Allah shi jiƙan shi, mutumen kirki na, amma bai iya ba. Wannan dai na ɗauke mai."

Har matar mamacin, daga bayan labule, sai da aka ji ta yi dariya.

Abu guda Almu yake taƙama da shi a duniya, kuma shi ne sunansa: tunda ya fara aiki, ba a taɓa cusa fila a kusurwar da ya haɗa ba. Fila ita ce farin ƙullin nan da mu masu fenti muke toshe ramuka da shi kafin mu shafa fenti, in kafinta ya bar baki a buɗe. Almu ya tsane ta kamar yadda manomi ya tsani ƙuduji. Yana ce mini ni ba mai fenti ba ne, mai rufa wa maƙaryata asiri ne. Ni kuma in ce masa da ba don maƙaryata ba, da 'ya'yana sun kwana da yunwa, don in kowa irinsa ne ba ni da abin yi sai kallo. Gaskiyar magana, in na shiga ɗakin da ya gama, katako biyu sun haɗu a kusurwa kamar tare suka tsiro. Ina jin haushin hakan, ina kuma alfahari da shi, duk a lokaci guda.

Asirinsa ɗaya ne, kuma shi ne abin da ya kusa kashe masa suna. Almu ba ya buga katako ranar da aka sayo shi. Ya ce katako baƙo ne, sai ya kwana a ɗakin da zai zauna, ya sha iskar ɗakin, ya yi duk miƙar da zai yi da duk ƙanƙancewar da zai yi, sannan a sa masa ƙusa. Sai ya jera su a ƙasa, ya sa 'yan guntayen itace tsakaninsu don iska ta ratsa, kullum da safe ya zo ya juya su. In na rani ne, mako guda. In na damina ne, wanda ya sha ruwa, sai abin da Almu ya gani.

To, ana nan sai wani babban ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Sahabi, mutumin Mada, ya gama ginin gidansa a Gusau. Falo guda kawai ya kai gidan Almu duka, ga ginshiƙai a jikin bango da suka sa kusurwoyin suka zama goma sha biyu. Mahaifiyarsa na Makka, yana so in ta dawo aikin hajji ta sauka a sabon gida. Ya kira mu, damina ta yi tsaka, aka sauke katako daga kasuwa yana jiƙe har ana jin sanyinsa a tafin hannu. Almu ya shinshina, ya ce mako uku. Alhaji ya ce jirgin Hajiya saura kwana takwas. Almu ya ce to ita Hajiyar ta sauka, katako dai bai iso ba tukuna.

Kwana uku Alhaji na zuwa yana tarar da Almu a tsugunne yana juya katako, ba a buga ko ƙusa ɗaya ba. A na huɗu ya zo da direbansa, wani Mande, mai son wasa da waya. Mande ya ɗauki Almu hoto mai motsi yana shafa katako yana ce masa sannu, ka sha ruwa da yawa. A ranar Alhaji ya sallame shi, a gaban masu tayil da masu wuta, ya ce ya ɗauko kafinta ne, bai ɗauko malamin asibiti ba. Almu ya tattara zartonsa, bai yi musu ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Alhaji su haɗu da bazara.

Ni ban bi shi ba. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce wa kaina ina da iyali, kuma ai ba ni aka kora ba. Aka kawo wani mai suna Injiniya, ko da yake ban san wanda ya naɗa shi ba, da zarto mai wuta da bindigar ƙusa. Kwana biyu ya gama falon, tas-tas-tas, kamar ana wasan Sallah. Ya yanka kowace kusurwa da awo ɗaya, alhali duk Zamfara ba maginin da ya taɓa tsai da bango biyu daidai. Ramukan da ya bari, wasu yatsana na shiga. Na kwaɓa fila na cusa, na cusa, na goge, na shafe da fenti, ya fito fes. Hajiya ta sauka, ta yi ta sa wa ɗanta albarka.

Hoton Mande kuwa ya zagaye wayoyin Gusau, ya je Tsafe, ya dawo Bungudu. Aka sa wa Almu suna Mai Jinyar Katako. Masu babur in sun gan shi sai su tambaye shi ya mai jiki. Aiki ya tsaya cak. Wanda ya shekara arba'in ana layi a ƙofarsa ya koma yin akurkin kaji da kujerun tsuguno na mata. Na yi wata biyu ban iya zuwa gidansa ba. Ranar da na daure na je, na tarar za a ci tuwo. Bai yi mini gori ba ko kalma ɗaya. Ya dai turo mini buta, ya ce in wanke ƙarƙashin farcena da kyau, don ba ya son farin abu a miyarsa. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, ta zo daidai da azumi. Alhaji Sahabi ya gayyaci manyan abokan kasuwancinsa buɗa-baki a falon nan. Abin da ya faru Mande ne ya ba ni labari, kuma a wannan karon ya manta da wayarsa. Katakon da aka buga a jiƙe ya bushe, ya ja jiki, ya murɗe. Filata ta daɗe tana tsagewa ba wanda ya ɗaga kai. Ana cikin shan kunu wani dattijo daga Tsafe ya tauna wani abu, ya ce wa Alhaji sukarin gidan nan ba ya narkewa. Kafin a amsa masa, wani dogon katako ya saki daga gefe ɗaya, ya yi lilo, ya kwashe hular babban baƙo, ya kuma sako tsaka biyu da suka daɗe da tarewa a bayansa. Ɗaya ta faɗa cikin faranti.

Washegari Alhaji ya kira ni, ya nuna mini fararen ɓarɓashi a kan kafet, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce masa ƙarya ce, kuma ni na kwaɓa ta. Ya ce wa zai gyara. Na ce ya san shi, ya kuma san hanyar Bungudu.

Mun tarar da Almu yana haɗa akurki. Ya amsa sallama bai ɗago ba, ya tura wa Alhaji kujerar tsuguno da ƙafa. Ku yi tunanin Alhaji Sahabi, da girman jikinsa da babbar rigar shadda, a kan kujerar da aka yi don mai tuƙa tuwo, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Sai da Almu ya gama sa wa akurki ƙofa, ya gwada ta sau uku, sannan ya juyo.

"Alhaji, lahiya? Halan wani na ba lahiya?"

"Malam Almu, katako na," in ji Alhaji. "Jiki ya yi tsanani. Na zo biɗar mai jinya."

Na so Alhaji a ranar, don ba kowane mai kuɗi ke iya wannan ba. Almu ya yi dariya har da tari, sannan ya kafa sharuɗɗa. Za a sayo sabon katako, kuma zai kwana mako biyu. Na ce haba, ai na bazara ne, a bushe yake, mako guda ya isa. Ya ce ɗaya na katako ne, ɗaya na Alhaji. Mande zai zo da wayarsa ranar gamawa, ya ɗauka kamar yadda ya ɗauki na farko. Ni kuma zan kankare duk filar da na cusa da hannuna, da azumi a bakina, sannan in zauna in riƙe masa katako har a gama, kada in kuskura in taɓa buroshi.

Haka aka yi. Alhaji da kansa ya riƙa leƙowa da safe yana tambayar ya suka kwana. Da mako biyu suka cika, Almu ya rufe ƙofar falo, daga ni sai shi. Kowace kusurwa da nata awo. Sai ya tura takardar kwali cikin kusurwar, ya lanƙwasa ta ta bi bangon, ya ninka ta biyu, ya ɗora a kan katako ya bi da zarto. Ya gwada, ya sauke, ya goge da samfefa, ya sake gwadawa. Akwai kusurwar da muka hau muka sauka sau tara, hannuwana a sama har suka daina jin nawa ne. Na lura ya bar fensir, da bakin ƙusa yake jan layi, yana bi da yatsa. Na ce masa tsufa ya zo da iyayi. Ya ce in riƙe katako in rufe baki, aikin da ya fi dacewa da ni ke nan tun farko.

Zan faɗi wani laifina na biyu. Ranar da za a nuna wa Alhaji aiki, na kwaɓa fila kaɗan a gida, na ƙulle a leda, na sa a aljihu. Na ga yadda Almu yake lalube a 'yan kwanakin, na ga sau biyu ya miƙa hannu ga guduma ya kama iska. Na ce a raina in akwai wani ɗan rami, zan shafe shi da yatsa kafin Mande ya kunna waya, ba wanda zai sani. Ba zan iya ganin an sake yi masa dariya ba.

Mun isa da hantsi, kafin kowa. Ya sa na rufe ƙofa. Ya zauna a kan bokitin fenti. Sai ya ce:

"Lawali, hau tsani ka duba min su, duka goma sha biyu. Ka hwaɗa min gaskiya. Ni ban ganin su."

Na ce wane irin ban ganin su.

"Tun waccan damina idona ya fara tahiya. Yanzu haske kawai nika gani, sai inuwa. Da hannu niy yi aikin ga. Shi na na ƙarshe, na sani. Ban son a ce shi na wanda anka toshe."

Ban san lokacin da na hau tsanin ba. Na kunna fitilar waya, na kai fuskata har ina jin warin katakon. Ta farko ta haɗu. Ta biyu ta haɗu. Ina ja da tsani ina ƙirgawa da ƙarfi, shi yana zaune ya karkata kunne. A ta tara, wadda ta wahalar da mu, na daɗe, na sa farce na bi layin daga sama har ƙasa, farcen bai sami wurin shiga ba. Na kai ta goma sha biyu, ita ma ta haɗu. Na ce masa babu, Almu, wallahi babu ko ɗaya.

Ya sauke numfashi, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"To, alhamdu lillahi. Yanzu hidda abin da ke aljihunka ka yas. Tun cikin mota nika jin warinta."

Na zauna a kan matakalar tsani ina dariya ina share hawaye. Ya ce in kuskura in ɗiga masa hawaye a katako, sai ya sake kwana mako guda.

Alhaji ya zo da mutanen buɗa-bakin nan, har da mai hula. Ya sa aka kawo takarda, ya hau tsani da kansa yana neman inda za ta shiga, ya rasa. Mande na ɗauka. Almu ya tsaya tsakiyar falo, hannu a baya, yana nuna kusurwoyi da haɓa kamar mai ganinsu tar, yana ce wa mai hula ya zauna duk inda yake so, ba abin da zai same shi. Wannan hoton ya fi na farko yawo. Sunan Mai Jinyar Katako bai bar shi ba, amma ya zama na yabo. Mutane suka dawo layi a ƙofarsa, shi kuma ya riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ya gaji da gyara wa magina ƙaryarsu. Aka ce girman kai ne. Ya ji daɗin wannan zargi ƙwarai, ya fi son sa a kan gaskiyar.

Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa zancen idon ba sai ya bar duniya. Na riƙe, ko matata ba ta ji ba. Yau kwana arba'in da muka kai shi, shi ya sa kuka ji. Ku da kuka shiga falon nan kuka ɗaga kai kuka ce ma sha Allahu, ku sani wanda ya haɗa shi bai taɓa ganin sa ba. Ni na gane masa, ni da ya fi kowa sanin na iya rufa ƙarya, kuma ya yarda da abin da na ce.

Allah ka jiƙan Almu ɗan gwaggona. Ka yafe masa tsiwarsa, ka yafe mini ranar da na bar shi ya fita shi kaɗai. Ka buɗe masa idanunsa a gidan da babu abin gyarawa, ka haskaka masa makwancinsa. Amin.